Sai Ya Sauko Ashirin

Litinin 24 ga Nuwamba, 6:40 na safe

Declan! Declan ɗana, ina ka shiga ne haka? Na san ba za ka ga wannan ba, a tsohuwar kwamfutar babanka nake bugawa da yatsa biyu, amma bakina ya gaji da magana da kare. Yau kwana goma sha tara ba ka ɗauki wayata ba. Ba ƙorafi nake ba fa. Ƙirgawa kawai nake.

Jiya ina neman inda zan cusa kwanon taliyar da matar fasto ta kawo, sai hannuna ya taɓa kwalbar nan can ƙuryar firji. Kwalbar yis ɗin babanka. Ga rubutunsa a murfi: KAR KI ZUBAR NOELEEN, BA RUƁEWA YA YI BA. Tun kana rarrafe yake kwashe lakar nan daga gindin giyar da ta nuna ya zuba wa sabuwa, haka haka har yau. Yana cewa abu ne mai rai, in ya yi wata biyu ba a ba shi abinci ba shi ke nan. Na duba ranar da ya rubuta a jiki. Sati biyar sun tafi.

Jarkoki biyun da kuka cika ranar Lahadin nan suna ɗakin wanki inda kuka bar su. Ruwan sha'ir ɗin da kuka dafa kuka ɗura da zafinsa, kai ka danne jarka da gwiwa iska ta fita, shi yana ɗaure murfi yana maka tsawa wai za ka ƙona ƙafa. Ban taɓa su ba. Ko shara zagaye su nake yi.

Litinin, 1:15 na rana

Na tura maka saƙo. Ban ce ka dawo ba, ban ce komai ba. Cewa na yi, kwalbar Baba tana nan da rai, yaya ake yi?

Talata 25, 7 na safe

Ka amsa.

"Kar ki zuba sai ruwan ya sauko 20."

Kalma takwas har da lambar. Na karanta wa Sarge sau uku, ya kaɗa wutsiya don ya ji sunan wani abu kamar abinci.

Talata, 5 na yamma

Ashirin! A garin nan, a watan nan! Ma'aunin zafin da ke baranda ya ce 43 da rana. Na manna na babanka a jikin jarka ya ce 36. Tsohon firjin rumfar baya da yake sa kayansa a ciki kuma ka san ya mutu tun Satumba, kai ka ce za ka duba shi in kun dawo daga tafiyar nan. To. Ba a duba ba dai.

Ƙawata Glenys ta shigo ta ƙofar baya kamar yadda ta saba, ko sallama babu, sigari a baki, ta same ni na rungumi jarka ina ja.

Ta ce, "Noels, me kike yi da mijin wata?"

Na ce, "Giya zan yi."

Ta ce, "Ke? Ke da ko a bikin aurenki lemo kika sha kina yamutsa fuska?"

Na ce, "Kama min nan ki daina surutu, tsohuwa."

Ta ce, "Wa ce tsohuwa? Wata takwas na ba ki kacal."

Mu biyu da ƙyar muka ɗora ta cikin bahon wanki. Na buɗe famfon zafi na cika bahon, tunda hita a kashe take tun Oktoba, ruwan da ya kwana a tankinta shi ne mai ɗan sanyi-sanyi. Na sanyin kam yadda yake fitowa daga ƙasa ya biyo bututu cikin ranar nan, ƙwai ma sai ya dafa. Na lulluɓe jarkar da jiƙaƙƙen tawul, na ɗauko fankar ɗakinka na saita mata. Ka yi haƙuri na shiga ɗakin. Ban taɓa komai ba, fankar kawai.

Laraba 26, 6:30 na safe

29. Saura.

Laraba, 12 na rana

Ƙanƙara ake buƙata, firiza kuma cike take da abincin mutane. Tun ranar nan kowa a garin sai ya kawo kwano. Na ƙirga, taliya da nama tara, kek huɗu, wani abu kore da ban san ko mene ne ba. Na fito da su duka na jera a tebur, Glenys ta loda a mota ta kai wa ma'aikatan titi. Ta ce in matar fasto ta tambaya in ce na cinye kuma ya yi daɗi. Na cika robobin lemo goma sha biyu da ruwa na jera a madadinsu.

Na turo maka tambaya, a wanke bokitin da sabulu? Na san amsa. Shekara talatin da huɗu ina kallon babanka yana wanke bokitin nan da farin maganinsa, ko a mafarki zan iya. Amma ka amsa. "A'a Mama, maganin da ke kan kanta, mai shuɗin murfi." Ka ce Mama.

Alhamis 27, 5:50 na safe

20 da rabi! Na ce rabin nan dai Allah ya yafe mana. Na juye jarka a bokiti, ƙamshin ya tashi kamar biredi da zuma, sai da na fita baranda na tsaya tukuna. Da na dawo na girgiza kwalbar na zuba rabi. Rabi kawai. Babanka duka yake zubawa amma shi ai bai taɓa tsoron komai ba, ni kuwa na mayar da rabin firji.

Na rufe murfi, na soka ɗan lanƙwasasshen bututun nan mai ruwa a ciki. Yanzu sai jira.

Juma'a 28, 6:10 na safe

Ɓul. Ɓul. Ɓul.

Declan, yana yi! Daga kicin na ji na ɗauka famfo ke ɗiga. Sarge ya kafa kunne ya je ya kwanta jikin baho, bai tashi ba har yanzu. Tun ranar nan bai kwanta ko'ina ba sai bakin get.

Ka ce, "Kar ya wuce 22. Ki riƙa canza robobin." Ina canzawa. Huɗu da safe, huɗu da rana, huɗu da yamma.

Asabar 29, 4 na yamma

Gwaggonka Lorraine ta iso daga bakin teku, wai ta zo ta taya ni zama kwana uku. Ta kawo labule sabo. Ban san me labulena ya yi mata ba. Tana ta tambaya ina kake, na ce kana wajen aiki. Ta ce wane aikin? Na ce aiki dai. Ta leƙa ɗakin wanki ta ce, "Haba Noeleen, ɗan'uwana ko wata bai cika da rasuwa ba kin buɗe gidan giya?" Na ce nasa ne ai. Sai ta je ta daɗe a banɗaki.

Ba muguwa ba ce. Hancinsu ɗaya da babanka, in ta juya gefe ba na iya kallonta.

Lahadi 30, 7 na safe

Robobi huɗu da safe. 21. Yana ta yi.

Litinin 1 ga Disamba, 6 na yamma

Ba zan rubuta komai yau ba.

Laraba 3, 8 na safe

To bari in faɗa, ko a nan ne.

Ranar Litinin da hantsi ruwan bahon ya ɗumama, na cire toshiya na zubar, na mayar, na buɗe famfon zafi kamar kullum. Sai waya ta yi ƙara. Mutumin filin da aka ja motarku aka kai bayan hatsarin ne. Wai in zo in kwashe abin da ke ciki kafin su yi abin da za su yi da ita. Ya fara lissafa min, akwai hula, akwai gilashin ido, akwai takalmi ƙafa ɗaya. Na ce to. Na ce na gode. Na ajiye wayar na zauna a ƙasan kicin, ban san tsawon lokacin ba, Lorraine ta tafi kanti.

Haushin Sarge ne ya tashe ni. Ɗakin wanki duk tururi, ruwa yana malala ta saman baho, robobin sun narke suna yawo. Na sa hannu na fizge da sauri. Ma'auni ya wuce inda lambobinsa suka ƙare.

Ashe Lorraine ta kunna hita tun daren Lahadi don ta yi wanka. Ta ga an kashe ta ɗauka mantuwa na yi saboda halin da nake ciki, ta gyara min. Da na faɗa mata ta ce, "Wane irin gari ne wannan da ake buɗe famfon zafi don a sami ruwan sanyi?" Na ce garin da ɗan'uwanki ya zauna shekara arba'in. Ta yi kuka, na yi kuka, jiya ta tafi. Labulen yana nan.

Bututun bai ƙara cewa ɓul ba.

Laraba, 3 na rana

Ka turo, "Yana yi?" Kai da kanka ka fara, ban tambaye ka komai ba. Na ce yana yi.

Alhamis 4, 9 na safe

Har yanzu ina canza robobin. Ban san don me ba. Huɗu da safe.

Juma'a 5, 2 na rana

Ka ce in ɗauko maka ƙarar bututun a waya kana so ka ji. Na nuna wa Glenys, ta cire sigari ta ce, "Kin shiga uku." Ta ce in faɗa maka gaskiya kawai. Na ce in na faɗa me ya rage da zai sa ya amsa min? Ba ya amsa ina kwana, ba ya amsa ka ci abinci, wannan bokitin kaɗai yake amsawa.

Ta kalle ni ta kalle ni, sai ta ce, "Kawo kofi da tsinken shan lemo."

Wallahi Declan, mata biyu masu jikoki a garin, ita dai mai jikoki, mun durƙusa a ɗakin wanki tana hura iska a kofin ruwa ni ina riƙe da waya. Na farko ta yi sauri kamar kifi na nutsewa. Na biyu tari ya kama ta. Na uku na ce, "A hankali, ki ƙirga biyar tsakani," ta ce, "Huhun nawa ne ko naki?" Na huɗu ya yi kama. Na tura.

Rabona da dariya irin wannan tun Oktoba. Bayan ta tafi kuma sai na ji kamar na yi sata a coci.

Juma'a, 5:30 na yamma

"Mama, ki gaida Anti Glenys. Ina jin ƙirjinta yana ƙara."

Asabar 6, 6:20 na safe

Na rubuta maka gaskiya. Sau biyar ina gogewa. A ƙarshe na ce, yis ɗin ya mutu tun Litinin, ni na kashe shi, famfon da nake buɗewa kullum na buɗe, ban san an kunna hita ba, na juya baya na ɗan lokaci. Na ce ka yafe min ƙaryar.

Na zubar da bokitin a gindin bishiyar lemun tsami. Tsami yake kamar tsohuwar safa.

Asabar, 11 na safe

Bari in kwafe shi nan yadda ka rubuta don kar wayar ta ɓata.

"Ba ke kika kashe shi ba Mama. Abin da kike yi kullum kika yi, yadda kika saba, sau dubu kin yi ba abin da ya faru. Ba yadda za a yi ki sani. Ki daina cewa ke kika kashe. Akwai sauran rabi ai."

Na daɗe da wayar a hannu. Na je na wanke kofuna biyu da ba su da datti. Na dawo.

Hanyar nan sau nawa ka bi ta da shi a gefenka, yana cin gyaɗa yana gaya maka ka rage gudu alhali ba gudu kake ba? Tun kana sha bakwai. Kuma abin da na faɗa maka a barandar asibiti, da rigarka a yadda take, ban ma tambaye ka hannunka ba. Kalma huɗu ne. Kullum da safe su nake fara ji kafin in ji tsuntsaye. Ba zan rubuta su ba, kai ka san su ni na san su.

Ban iya tsara magana irin taka ba. Sai na kwafi saƙonka na mayar maka da shi, na cire Mama na sa Declan, na cire ke na sa kai. Layin ƙarshe na rabin kwalba ne na rasa yadda zan yi da shi, sai na bar shi yadda yake. A ƙasa na ƙara, abin da na ce a asibiti ba gaskiya ba ne, tsoro ne ya yi magana da bakina.

Alama ta nuna ka karanta.

Lahadi 7, 7 na yamma

Shiru.

Litinin 8, 7 na safe

Shiru. Na kashe hita, na manna takarda a kan makunnin, na rubuta da manyan baƙi irin na babanka.

Talata 9, 4 na yamma

Na tambaye ka ko in ɗora jarka ta biyu. Ba amsa. Na tambaye ka ko yis yana lalacewa in ya yi duhu a sama. Ba amsa. Wataƙila na yi gaggawa. Da na bar mu a kan bokiti da sabulu da har yanzu kana ce min Mama.

Glenys ta ce, "Ki bar yaro ya haɗiye. Kin ba shi babbar loma."

Na ce, "Shekararsa ashirin da tara."

Ta ce, "Nawa arba'in da ɗaya, har yau ni ke saya masa safa."

Mun ɗora jarkar a baho. Bayan Glenys ya ƙage, ta zage ni ta zagi babanka Athol ta zagi wanda ya ƙirƙiro giya, sannan ta tsaya ta shafa rubutunsa da ke jikin jarkar da babban yatsa. Ta ce, "Dubi bakwai ɗinsa kamar ƙugiya."

Laraba 10, 1 na rana

46 a baranda. Tsuntsaye sun sauko ƙarƙashin tanki baki buɗe. Jarka 31, ta ƙi sauka. Firiza ba ta iya daskarar da robobin kafin in buƙace su, da rana sai in ciro su rabi ruwa. Kanti ba ƙanƙara, motar kaya sai Litinin.

Na je filin nan da safe. Na karɓo hular. Sauran na ce su bar shi. Ban kalli motar ba, ƙasa na kalla har na fito. Na rataye hular a ƙusar bayan ƙofa inda take zama.

Alhamis 11, 6 na safe

27. Ruwan saman kwalbar ya ƙara duhu. Sati bakwai da kwana huɗu. Na buɗe na shinshina, har yanzu ƙamshin rigarsa ta ranar Lahadi yake.

Na ɗauki hoton ma'aunin na tura maka, ban rubuta komai a ƙasa ba.

Alhamis, 6 na yamma

Glenys ta kawo robobi shida daga firizarta, da wani ƙullin naman rago daskararre wai shi ma ƙanƙara ne ai. Yana cikin baho yanzu. Ta ce in zuba a 26 ɗin kawai mana, giya giya ce, mazan garin nan ko ruwan batir za su sha. Na ce an ce min ashirin. Ta ce wanda ya ce miki ashirin ɗin yana ina? Da ta ga fuskata sai ta ce, "Bakina ne, rabu da shi," ta ɗora ruwan shayi.

Ba zan zuba ba. Ita ke nan ta rage, ba wani rabin a baya. In ya mutu a kwalba yana jira, ya mutu yana jira. Amma ba zan sake dafa shi da hannuna ba.

Juma'a 12, 6:15 na safe

25. Na tura hoto. Ka gani.

Juma'a, 5 na yamma

28. Na tura hoto. Ba alamar ka gani, wayarka ma ba ta shiga. Ko ka kashe ta ne, ko kana inda ba sabis. Daga nan zuwa ko'ina ai ba sabis. Ba zan yi tunanin wannan ba. Na dafa naman Glenys tunda ya narke, ya yi min yawa.

Asabar 13, 6:05 na safe

24. Iska ta ɗan juyo daga kudu, tawul ya yi sanyi a hannu. Robobi huɗu da safe. Saura huɗu ya sauko ashirin, kuma nan da ƙarfe tara rana za ta mayar da shi inda ya fito, na riga na san halinta. Da ina da ƙanƙarar kirki ko leda uku ce, kafin hantsi da an gama.

Na fito da kwalbar na ajiye a tebur kusa da ni, ban san don me ba. Na wanke bokiti da mai shuɗin murfi. Na shanya labulen Lorraine, zan rataya shi dai, ba laifinsa.

Sarge ya tashi daga jikin baho. Ya tafi ƙofar baya yana wani irin kuka ƙasa-ƙasa, duk jikinsa na rawa. Ban ji mota ba, sai dai in a bakin titi aka tsaya. Wani ya hau matakala. An ajiye abu mai nauyi a baranda, na ji ƙarar, kamar tsakuwa a leda. An sake ajiye wani. Da wani.

Ana ƙwanƙwasawa.

Ba mai ƙwanƙwasa ƙofar baya a gidan nan. Glenys faɗowa take yi. Kai kuma tunda aka haife ka ba ka taɓa ƙwanƙwasa ta ba, da ƙafa kake turo ta kana tambayar me aka dafa. A hankali ake yi, kamar mai tsoron a ce masa

Ina zuwa, a buɗe take ai, a buɗe t